Leo Kanner, Likitan da Ya Tsaya Ya Kalli Yara Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Minjibir da kewaye ya san irin yaron nan: ba ya kallon idon mutum, a kira sunansa ba ya waiwayowa, zai wuni yana jera duwatsu ko murafen kwalba, in aka taɓa masa jerin kuwa sai kuka da birgima. Wasu su ce shafar aljanu ce, wasu su ce sammu. Yau a rediyo ana kiran abin galahanga, likitoci na cewa otizim. Mutumin da ya sa duniyar likitanci ta ware shi a matsayin lalura mai zaman kanta shi ne Leo Kanner.

An haife shi a 1894 a Klekotiv, wani ƙauye da yanzu yake cikin Yukren, a gidan Yahudawa. Ya yi karatun likita a Balin, kuma da farko ciwon zuciya ya fi mayar da hankali a kai. Da kuɗin Jamus suka zama takardar tsire, sai ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1924, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Yankton. A 1928 ya koma Jami'ar Johns Hopkins, inda a 1930 aka ɗora masa buɗe sashen kula da ƙwaƙwalwar yara a cikin asibitin yara. Aikinsa a nan har da koyar da likitocin yara yadda za su lura da halayyar yaro, ba zazzaɓinsa kawai ba. Littafin da ya fitar a 1935 shi ne na farko a Turanci kan wannan fanni.

A 1938 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara biyar, Donald Triplett, daga jihar Misisipi. Kafin su iso, uban ya aiko da wasiƙa mai shafi 33 yana bayyana halayen ɗansa. Kanner bai yi gaggawar laƙaba wa yaron suna ba. Ya yi ta kallo yana rubutawa, har ya tara yara goma sha ɗaya masu kama da juna, maza takwas, mata uku, sannan ya buga bayaninsu a 1943. Abu biyu ya ga sun haɗa su: kaɗaicewa tun suna jarirai, da nacewa kada a canja musu komai. Gaskiya dai ba shi ya fara gani ba, don wata likita 'yar Rasha, Grunya Sukhareva, ta bayyana irin waɗannan yara tun 1925, sai dai ba a kula da aikinta ba.

Ga inda labarin ya fi burge ni. Daga baya an kai Donald wajen wani manomi da matarsa, ya zauna da su kusan shekara huɗu. Yaron yana da jarabar ƙirge da awo. Maimakon su hana shi, sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta, suka bar shi yana ƙirga kunyoyin masara yayin da yake nome su. Da Kanner ya kai ziyara a 1945, ya yi mamakin hikimar waɗannan mutane da ba su taɓa shiga ajin likitanci ba. Ku duba fa, kunya da rijiya, abin da kowane gida yake da shi a wajenmu. Donald ya gama kwaleji, ya yi aiki a banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Amma Kanner ya yi kuskure, kuma babba. A rubuce-rubucensa na wajajen 1949 ya siffanta iyayen yaran da rashin nuna ƙauna, wasu kuma suka ɗauki maganar suka kambama ta, har ta zama cewa uwa ce ke jawo wa ɗanta lalurar. Iyaye mata sun sha baƙin ciki shekara da shekaru a kan laifin da ba su yi ba. Sai a 1969, a gaban taron iyayen irin waɗannan yara, ya fito fili ya wanke su. Ni dai ina ganin ya makara. Har gobe a gidajenmu, in yaro ya ƙi magana, uwar ake fara tuhuma, wani lokaci ma ya zama sanadin saki.

A 1971 ya bi sawun yaran nan goma sha ɗaya don ya ga yadda suka ƙare. Waɗanda aka kai manyan gidajen tsare marasa lafiya aka manta da su, akasarinsu sun koma baya, har 'yar maganar da suke yi ta ɓace. Waɗanda suka samu mai haƙuri da su a gida ko a gona sun fi samun abin yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin ɗari yana da wannan lalura, kuma uwar da ke Kunya ko Wasai ba Dawanau take fara zuwa ba, ƙaramin asibitin garinsu take zuwa, inda wasu daga cikinmu masu karanta fannin lafiya da walwalar jama'a za su zauna gobe.

Kanner ya rasu ran 3 ga Afrilu, 1981, a jihar Meriland, yana da shekara 86.