John Larson: Ɗan sandan da ya ƙera na'urar gano ƙarya, ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ita

Duk lokacin da mutum ya ɓace aka rasa inda ya shiga, bincike kuma ya cije, akan sami masu kira da a ɗora waɗanda ake zargi a kan na'urar gano ƙarya, kowa ya huta. In aka ji wani ya ƙi zama a gwada shi, sai a ce ga mai laifi nan. In aka ji ya zauna ya tsallake, sai a wanke shi tun alƙali bai buɗe fayil ba. Wannan ɗabi'a ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Ta samo asali ne a 1921, a kan wani limamin coci da ya ɓace a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma wanda ya sarrafa na'urar a wancan gwaji shi ne wanda ya ƙera ta, John Augustus Larson.

An haifi Larson ranar 11 ga Disamba, 1892, a garin Shelburne na lardin Nova Scotia a Kanada. Tun yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa arewa maso gabashin Amurka. Ba 'yan gidan masu hali ba ne, don haka da ƙananan ayyukan ƙarfi ya riƙa ɗaukar nauyin karatunsa a Jami'ar Boston, inda ya karanci ilimin halittu. A 1915 ya sami digiri na biyu da bincike kan zanen yatsa. Daga nan ya wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya kammala digirin digirgir a fannin yadda sassan jikin ɗan Adam ke aiki a 1920. A shekarar ce kuma ya yi abin da ya ba abokan karatunsa mamaki: ya sa kaki, ya zama ɗan sanda mai sintiri a titi. Ana yawan ambatonsa a matsayin ɗan sandan Amurka na farko mai irin wannan digiri.

Shugaban 'yan sandan Berkeley na lokacin, August Vollmer, mutum ne da ya tsani yadda ake tatsar ikirari daga bakin wanda ake tuhuma. A ofisoshin 'yan sandan Amurka na wancan zamani, duka da hana barci da barazana su ne kayan aikin mai bincike. Vollmer yana neman hanyar da za ta maye gurbin kulki. Sai aka ci karo da rubutun wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard, William Moulton Marston, wanda ya yi iƙirarin cewa jinin mutum kan hau idan yana shara ƙarya. Marston yana auna jinin ne jefi-jefi, irin yadda ake yi a asibiti. Larson ya ga giɓin da ke cikin haka. Ya haɗa wata na'ura da ke bin hawa da saukar jini da bugun zuciya da numfashi a lokaci guda ba tare da tsayawa ba, allura tana zana su a kan takardar da aka baƙanta da hayaƙi, yayin da ake jefa wa mutum tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a. Wannan ita ce uwar na'urar da duniya ta sani yau da suna foligiraf.

Tunanin da aka gina ta a kai ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya daɗe da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kafin zuwan kotunan zamani, a sassa da dama na Afirka ta Yamma akan shayar da wanda ake zargi ruwan ɓawon gwaska, a jira jikinsa ya yanke hukunci. Larabawan ƙauye a Sinai suna sa mutum ya lashi ƙarfe mai zafi, a duba harshensa. Duk manufar ɗaya ce, wai jiki ya tona abin da baki ya ɓoye. Abin da Larson ya ƙara shi ne takarda da layuka masu kama da kimiyya.

Gwajinsa na farko na gaske ya zo a 1921, a wani ɗakin kwanan ɗalibai mata da ake kira College Hall, inda kuɗi da kayan ado suka yi ta ɓacewa. Ya gwada 'yan matan ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu akwai Margaret Taylor, wadda aka sace wa zobe, wadda kuma ya aura a shekara mai zuwa. Da aka zo kan wata ɗaliba, allurar ta yi tsalle, yarinyar ta fusata ta fice daga ɗakin. Bayan matsin lamba ta amsa laifin, ta bar jami'ar. Jaridu suka yi ta yayata nasara. Daga baya ɗalibar ta janye ikirarinta, shi kansa Larson ya koma yana kokwanto, domin ya fahimci akwai wani sirri na rayuwarta ta baya da ke cin ta a rai, wanda ba shi da alaƙa da zoben kowa. Tun daga shari'ar farko ke nan matsalar ta bayyana. Na'urar tana ganin tashin hankali sarai, amma ba ta san musabbabinsa ba.

Sai batun limamin cocin. A daren 2 ga Agusta, 1921, wani baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofar Fada Patrick Heslin a garin Colma, kudu da San Faransisko, ya roƙe shi ya zo ya yi wa wani da ke bakin mutuwa addu'a. Heslin ya shiga motar baƙon, ba a sake ganinsa da rai ba. Takardar neman kuɗin fansa dala 6,500 ta isa hannun Akbishop Edward Hanna. Kwanaki suka wuce babu labari, aka sa lada ga wanda ya gano shi, jaridun birnin suka shiga gasar hasashe. Bayan kimanin mako guda sai ga wani mai gasa burodi, William Hightower, da wani labari mai wuyar haɗiya: wai ya je haƙar giyar da 'yan fasa-ƙwauri suka binne a bakin teku ne ya ga alamar kabari. Ya jagoranci 'yan sanda da wani ɗan jarida zuwa gaɓar Salada cikin dare, aka tono gawar. Maimakon lada, sai ya sami ankwa.

Jaridar da aka riga samun labarin gano gawar, San Francisco Call and Post, ita ce ta shirya a kai Larson da na'urarsa gidan yari a gwada Hightower. Larson ya duba layukan ya ce mutumin yana ɓoye wani abu. Jaridar ta buga sakamakon a shafin farko da manyan haruffa, tana shelar cewa kimiyya ta nuna laifinsa, alhali ba a ko fara sauraren shari'a ba. Abin da aka gina hukuncin kotu a kai wani aiki ne daban, mai cin lokaci, wanda bai yi daɗin bugawa a jarida ba: masanin bincike Edward Oscar Heinrich ya kwatanta rubutun takardar fansar da na Hightower, ya duba yashi da zaren da aka samu a jikin kayansa ya daidaita su da na wurin kabarin. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Amma a ƙwaƙwalwar jama'a na'urar ce ta kama mai kisa, kuma daga nan sunanta ya fi ƙarfin mai ita.

Shekara guda ba ta cika ba ta kunyata shi. A ƙarshen Mayun 1922 aka harbe wata mata, Anna Wilkens, a cikin motar mijinta Henry a San Faransisko, a wani abin da ya yi kama da fashi. Larson ya gwada mijin ya ce gaskiya yake faɗa. Ba a jima ba 'yan sanda suka gano yana da hulɗa da waɗanda ake zargi da harbin. An gurfanar da shi har sau biyu, daga ƙarshe aka sallame shi, amma Larson ya rayu da zaton cewa ya taimaka wa mai laifi ya kuɓuta. A Disambar 1923 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton ta ƙi karɓar gwajin Marston a shari'ar James Frye, bisa dalilin cewa hanyar ba ta sami amincewar gamayyar masana ba. Wannan hukunci ya zama ma'aunin karɓar shaidar kimiyya a kotunan Amurka na tsawon shekaru kusan 70.

Larson ya bar aikin ɗan sanda a 1923 ya koma Shikago, ya karanci likitanci, ya zama likitan ƙwaƙwalwa. Bai nemi rajistar mallakar na'urar ba, bai kuma nemi kuɗi da ita ba. A littafin da ya wallafa a 1932 kan ƙarya da hanyoyin gano ta, da sauran rubuce-rubucensa, matsayinsa bai sauya ba: gwajin abin taimako ne a hannun ƙwararre wanda ya san tarihin mutumin da lafiyarsa, kuma bai kamata a ɗaure kowa a kansa shi kaɗai ba.

Wanda ya ga kasuwa a ciki shi ne Leonarde Keeler, yaron da ya fara taya Larson aiki a Berkeley tun yana ɗan sakandare. Keeler ya ƙera samfurin da ake iya ɗauka a akwati, ya yi masa rajista a 1931, daga baya ya ƙara ma'aunin zufar tafin hannu. Ya sayar wa bankuna da manyan shaguna hidimar tantance ma'aikatansu, ya koyar da 'yan sanda sarrafa ta cikin 'yan makonni, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya gwada ma'aikatan cibiyar nukiliya ta Oak Ridge. Keeler ya gane abin da Larson ya ƙi yarda a yi amfani da shi, wato ƙarfin na'urar yana cikin tsoron da take sa wa mutum. In aka ce masa allura ta kama shi, sau da yawa sai ya fara zuba. Kulkin da Vollmer ya so a ajiye ya dawo ta wata ƙofa, wannan karon da wayoyi a jikinsa. Abota tsakanin mutanen biyu ta rikiɗe ta zama gaba mai ɗaci, har Keeler ya rasu a 1949 yana da shekara 45. Marston kuwa ya kai ga amfani da gwajinsa a tallar reza ta Gillette.

Abubuwan da suka biyo baya sun gaskata Larson. Gary Ridgway, wanda a 2003 ya amsa kashe mata 48 a yankin Seattle, da dama cikinsu an daɗe ana nemansu a matsayin ɓatattu, ya tsallake gwajin a 1984. Wani direban tasi da bai kashe kowa ba ya faɗi nasa gwajin, ya sha zargi. Binciken ƙwayoyin halitta ne ya kai ga kama Ridgway a 2001. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA da ke sayar wa Tarayyar Sobiyet sirri, ya tsallake a 1986 da 1991. A 1988 majalisar dokokin Amurka ta haramta wa yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikatansu da ita, amma ta bar wa gwamnati damar ci gaba.

Lissafin da ya fi shafar ma'aikacin gwamnati yana cikin rahoton da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2003. A ɗauka akwai ma'aikata 10,000, cikinsu 10 'yan leƙen asiri ne, a kuma yi wa na'urar kyakkyawan zato game da ingancinta. In aka saita ta yadda za ta kama 8 daga cikin 10 ɗin, za ta haɗa da kusan mutum 1,600 da ba su ji ba ba su gani ba. Duk wanda ya san yadda ɗan rubutun zargi guda a fayil ke tsayar da ƙarin girman ma'aikaci shekara da shekaru, ya san abin da wannan adadi ke nufi.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan. A ɗauko masunci ko manomi daga Jakusko, wanda harshensa Bade ne, bai taɓa wuce Gashuwa ko Nguru ba, a zaunar da shi a wani ofishi mai sanyi a Abuja, a ɗaure masa bel a ƙirji da wayoyi a yatsu, ana yi masa tambaya ta bakin tafinta game da ɗan'uwansa da ya ɓace. Zuciyarsa za ta buga, tafinsa zai jiƙe, ko da hannunsa ko babu. Wanda ya saba da ofisoshi kuma ya san dabarar, shi ne zai fita da takarda mai tsabta. Ga shi kuma muna da ɓatattu da yawa. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar sama da mutum 20,000 a Nijeriya, akasarinsu daga arewa maso gabas. Abubakar Idris Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, an ɗauke shi daga gidansa a Barnawa ta Kaduna a farkon Agustan 2019, shekaru suka shuɗe ana ta nuna wa juna yatsa ba a gano inda yake ba. Irin waɗannan shari'o'i aikin Heinrich suke buƙata: bayanan kiran waya, hoton kyamara, sawun mota, shaidun da aka ɗauki bayaninsu da wuri. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi yadda za a ɗauki ikirarin wanda ake tuhuma, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta haɗa har da azabar tunani. Aiwatar da su ya fi sayen akwati mai allura wahala.

Shi dai Larson ya ƙarasa aikinsa yana yawo tsakanin gidajen yari da asibitocin masu taɓin hankali a jihohi daban-daban. Mutum ne mai zafin rai da ba ya iya kau da kai, don haka ba ya daɗewa wuri bai saɓa da shugabanni ba. Ya tara takardu masu yawa da niyyar rubuta babban littafin da zai warware ɓarnar, bai kammala ba. A ƙarshen rayuwarsa ya kwatanta na'urar da dodon da ya ƙera da hannunsa, wanda ya shafe sama da shekara 40 yana fafatawa da shi.

A Maris na 1965 aka saki William Hightower yana tsoho tukuf, bayan shekara 43 a tsare, bai taɓa amsa laifin kashe Fada Heslin ba. Ranar 1 ga Oktoba na shekarar, Larson ya rasu sakamakon ciwon zuciya a birnin Nashville, yana da shekara 72. Na'urarsa ta farko tana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washinton.