SARAUNIYA AMINA TA ZAZZAU: TA TARIHI DA TA SINIMA

Daga wakilinmu na Arewa, Gella, Mubi

A nan Gella, da ke can gabas kusa da iyakar Kamaru, da wuya ka sami ɗan makarantar da bai san sunan Sarauniya Amina ba. Amma in ka tambaye shi labarinta, sau da yawa abin da ya gani a fim zai ba ka. To, bari mu duba abin da magabata suka bari a rubuce.

Amina 'yar Bakwa Turunku ce, wadda jerin sarakunan Zazzau ya sa sarautarta wajen shekarar 1536. Mazauninsu Turunku ne, kudu da Zariya, kuma har yau kufan garin yana nan. An ce ƙanwarta ce Zariya, wadda birnin ya ci sunanta. Tun tana budurwa aka ce hankalinta yana kan doki da takobi, manema kuwa duk ta ƙi su.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa ta yi shekara 34 tana yaƙi, ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe. Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma a zamaninta ne goro ya yawaita a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infakul Maisuri, ya ambata cewa Kano da Katsina sun biya ta gandu, kuma a Atagara ta rasu. Duk inda ta yada zango sai ta sa a gina ganuwa, shi ya sa ake kiran tsofaffin ganuwoyi da yawa ganuwar Amina.

Sai dai akwai saɓani. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, watau 1421 zuwa 1438, shekara ɗari kafin Bakwa. Har ila yau sunanta ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau. Saboda haka masana suka rabu, waɗansu suka ce ta hau gadon sarauta, waɗansu suka ce gimbiya ce mai jan rundunar yaƙi.

Wannan giɓi ne masu shirya fim suka cike da nasu. A watan Nuwamba na 2021 kamfanin Netflix na Amurka ya fito da fim mai suna Amina, wanda Izu Ojukwu ya shirya, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, Ali Nuhu kuma yana ciki. Fim ɗin ya kai sunanta ƙasashen da ba su taɓa jin Zazzau ba, wannan kuwa abin yabo ne. Amma Turanci aka sa a bakinta, aka kuma ƙara labarin soyayya wanda babu shi a littattafan nan biyu. 'Yan Arewa da dama sun yi ƙorafi a kan harshe da sutura.

Haka Amurkawa suka yi wa William Wallace na Sikotlan a fim ɗin Braveheart na 1995, har ƙagaggen labari ya danne na gaskiya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, amma namu tarihin kaɗan ne, sai a riƙe shi da kyau. Ya kamata malaman makarantunmu su riƙa karanta wa yara abin da Bello ya rubuta kafin su kai ga kallo, don su iya rarrabe tsaki da tsakuwa.