Buddy Holly (1936–1959): Rayuwarsa da Waƙoƙinsa

An haifi Charles Hardin Holley ranar 7 ga watan Satumba na shekarar 1936 a garin Lubbock da ke jihar Teksas ta ƙasar Amurka. Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu na gidansu, kuma tun yana ƙarami ake yi masa laƙabi da Buddy. Iyayensa Kiristoci ne mabiya ɗarikar Baftis, masu son waƙe-waƙen coci da kiɗan nan na mutanen karkarar kudancin Amurka. An sa shi koyon fiyano yana ɗan shekara 11, amma bai daɗe ba ya ajiye ta ya rungumi jita. A shekarar 1953 shi da abokinsa na makaranta, Bob Montgomery, suka sami fili a gidan rediyon garinsu mai suna KDAV, suna rera waƙoƙin karkara.

A wancan zamani wariyar launin fata ta raba kiɗan Amurka gida biyu: Turawa da nasu, baƙar fata da nasu. To amma rediyo ba ta san shinge ba. Da dare Buddy yakan kamo tashoshin nesa ya saurari kiɗan baƙar fata mai nauyin ganga. Da Elvis Presley ya zo Lubbock a shekarar 1955, sai Buddy ya ga Bature ɗan'uwansa ya haɗa kaɗe-kaɗen biyu ya fito da abin da ake kira rok-an-rol. Daga nan ya juya akalarsa.

A farkon shekarar 1956 kamfanin faifai na Decca ya ɗauke shi. A takardar yarjejeniyar ne aka yi kuskuren rubuta sunansa Holly maimakon Holley, shi kuwa ya bar shi haka. Zamansa da Decca bai yi armashi ba. A birnin Nashville, inda aka kai shi ɗaukar waƙa, shugaban ɗakin ɗaukar murya, Owen Bradley, shi ke zaɓar makaɗa, shi ke tsara yadda kiɗa zai tafi. Faifai biyu aka fitar masa, babu wanda ya yi kasuwa. A watan Janairu na 1957 kamfanin ya sallame shi, tare da sharaɗin kada ya sake ɗaukar waƙoƙin da ya yi musu sai bayan shekara biyar.

Wannan sallama ce ta kai shi garin Clovis a jihar New Mexico, tafiyar kimanin mil ɗari daga Lubbock, wurin wani mai ɗakin ɗaukar murya da ake kira Norman Petty. Petty ba ya lissafin kuɗi da awa kamar yadda aka saba, sai dai da waƙa. Saboda haka yaran sukan kwana suna gwaji ba tare da fargabar agogo ba. A nan ne, ranar 25 ga Fabrairu 1957, suka sake ɗaukar waƙar That'll Be the Day, wadda Buddy ya tsara tare da makaɗin gangarsa, Jerry Allison. Sun samo sunanta ne daga wata magana da John Wayne yake yawan maimaitawa a fim ɗin The Searchers. Da yake waƙar tana cikin waɗanda Decca ta hana shi, sai aka ɓoye sunansa, aka fitar da ita da sunan ƙungiya, wato The Crickets, ma'ana gyare. Abin dariya a nan shi ne, kamfanin Brunswick da ya karɓi faifan reshe ne na Decca ɗin da ta kore shi. A watan Satumba waƙar ta zo ta ɗaya a cinikin faifai a Amurka, a watan Nuwamba kuma ta yi haka a Ingila.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda yake gina waƙa, domin a nan ne gudummawarsa take. Kafin zuwansa, yawancin mawaƙan da suka shahara ba su ke tsara waƙoƙinsu ba. Akwai masu sana'ar rubutawa daban, mawaƙi nasa rerawa. Buddy shi ne mai shirya kalmomi, shi ne mai ƙirƙiro karin murya, shi ne jagoran waƙa, kuma shi ke kaɗa babbar jitar, ƙirar Fender Stratocaster. Ƙungiyar tasa mutum huɗu ce: jita biyu, da babban goge mai kaurin amo, da ganga. Wannan tsari ne ya zama abin koyi ga ƙungiyoyin rok da suka biyo baya. Turken waƙoƙinsa ɗaya ne, soyayyar samartaka, kalmominsa kuwa na yau da kullum ne, babu zurfin azanci a cikinsu idan aka karanta su a takarda. Armashin yana wajen furuci. Yakan ɗauki gaɓa guda ya tsinka ta gida uku ko huɗu ta hanyar datse iska a maƙwallato, irin yadda ake furta alhamza, har ta yi kama da shaƙuwa. Yakan kuma tashi daga murya mai kauri ya faɗa siririya a cikin kalma ɗaya. Waƙar Peggy Sue ta fi kowace nuna haka: kusan ba ta ƙunshi komai ba sai maimaita sunan yarinya, amma kowane maimaici da irin furucinsa. Da farko sunan 'yar yayarsa aka sa wa waƙar, daga baya aka canza zuwa sunan budurwar Allison.

Har ila yau, ya ɗauki ɗakin ɗaukar murya tamkar wani kayan kiɗa. A waƙar Words of Love ya rera sau ɗaya, aka ɗauka, sannan ya sake rerawa aka ɗora a kan ta farko, ya zama shi ke yi wa kansa amshi. A Everyday babu ganga ko ɗaya, cinyoyinsa Allison yake tafawa da hannu. A Not Fade Away kuwa kwali ya buga.

Sai dai daɗin Clovis yana da farashi. Petty ya zama manajansu, ya riƙa sa sunansa a cikin jerin waɗanda suka tsara waƙoƙin, abin da ke ba shi kaso a cikin ladan haƙƙin mallaka, kuma kuɗin da ake samu suna shiga asusun da yake hannunsa. Yaran ba su kula ba a lokacin, domin suna kan hanya kullum. A watan Agusta na 1957 sun yi wasa a zauren Apollo na unguwar baƙar fata ta Harlem, a Disamba suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, a farkon 1958 suka je Ostareliya, sannan a watan Maris suka zagaya Ingila, wasa 50 a kwana 25. Samarin Ingila sun ga wani siririn yaro mai kaurin tabarau, wanda bai fi su kyau ba, yana rera waƙar da shi ya shirya.

Ranar 15 ga Agusta 1958 ya auri Maria Elena Santiago, 'yar asalin tsibirin Puerto Rico, wadda take aiki a wani kamfanin buga waƙoƙi a New York. Kafin ƙarshen shekarar ya raba gari da Petty, amma Allison da Joe Mauldin suka zaɓi zama a wurinsa. Buddy ya koma New York da zama. A watan Oktoba ya ɗauki waƙoƙi huɗu da taron masu goge, abin da ke nuna yana neman sabuwar hanya. A ɗakinsa ma ya riƙa ɗaukar sababbin waƙoƙi a na'urar tef, daga shi sai jitarsa. Kuɗinsa kuwa sun maƙale, ga matarsa da ciki. Wannan matsi ne ya sa ya yarda ya shiga rangadin garuruwa 24 a tsakiyar hunturu, wanda aka fara ranar 23 ga Janairu 1959 a Milwaukee.

Tafiyar ta yi wahala ƙwarai. Motocin safa suna lalacewa a hanya, babu abin ɗumama jiki, har sanyi ya ci ƙafafun makaɗin gangarsa, Carl Bunch, aka kwantar da shi a asibiti. Bayan wasan da suka yi ranar 2 ga Fabrairu a garin Clear Lake na jihar Iowa, Buddy ya yi shatar ƙaramin jirgin sama don ya huta da motar. Waylon Jennings, ɗaya daga cikin makaɗansa, ya bar wa mawaƙi J. P. Richardson kujerarsa saboda mura na damunsa, Ritchie Valens kuwa ya sami tasa ta hanyar jefa kwabo. Jirgin ya tashi gab da ƙarfe ɗaya na dare cikin dusar ƙanƙara, bai yi nisa ba ya faɗi a wata gona. Duk mawaƙan uku da matuƙin, Roger Peterson, suka mutu. Buddy yana da shekara 22, Valens 17.

Tsakanin fitar faifansa da ya fara yin kasuwa da mutuwarsa bai cika shekara biyu ba. Amma ƙungiyar Beatles ta zaɓi sunan ƙwaro ne don koyi da Crickets, Rolling Stones kuma sun sake rera Not Fade Away a 1964. A shekarun 1970 Paul McCartney ya sayi haƙƙin mallakar waƙoƙinsa, a 1986 kuma aka sa shi cikin rukunin farko na gwanayen rok da aka karrama a Amurka. An binne shi a Lubbock. A kan dutsen kabarinsa an sassaƙa jita, an kuma mayar da sunansa yadda iyayensa suke rubuta shi, Holley.