Elijah McCoy, Injiniyan da Ya Fara da Gwangwanin Mai

'Yan'uwa ɗalibai, gwarzonmu na wannan mako baƙar fata ne mai suna Elijah McCoy. An haife shi a Colchester, ƙasar Kanada, wajen 1844. Iyayensa bayi ne da suka gudo daga jihar Kentucky ta Amurka. Yana saurayi suka tura shi birnin Edinburgh na Birtaniya, ya koyo aikin injiniya.

Da ya dawo, ya zauna a jihar Michigan ta Amurka, amma aka hana shi aikin injiniya saboda launin fatarsa. Abin da ya samu a kamfanin jirgin ƙasa na Michigan Central shi ne zuba gawayi a wutar injin da ɗiga wa ƙarafa mai. A zamanin, sai an tsayar da jirgi kafin a sa mai, in kuwa aka yi sakaci ƙarfe ya ci ƙarfe, injin ya lalace.

McCoy bai raina aikin ba, ya sa ido. A 1872 ya sami takardar mallakar wani ƙoƙon ƙarfe da ya ƙirƙiro, wanda ƙarfin tururi ke sa shi ɗigo da mai kaɗan-kaɗan cikin injin yana tafiya. Tsaye-tsaye suka ragu, injuna suka ƙara ƙarko. Ya mallaki irin wannan takarda fiye da 50, ya kafa kamfaninsa a 1920. Ya rasu a 1929, shekarar da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda.

Mu dubi gida. Injin ban-ruwa nawa ke mutuwa a fadamar Rima ana tsakiyar noman rani, don kawai ba a canza masa mai ba? Famfo nawa ke tsaye ba ruwa a ƙauyukan Isa da Sabon Birni? Kula da inji tun kafin ya lalace sana'a ce mai zaman kanta. Ana koyon aikin injiniya a kwalejojin fasaha na Sakkwato da Ƙauran Namoda, ana kuma bukatar masu shi a madatsar Goronyo da masana'antar siminti ta Kalambaina. Mai sha'awa ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau, kada kuma ya ji kunyar baƙin mai a hannunsa. Rigakafi ya fi magani.