Walter Gowans da Abokansa Biyu

A karanta: 1 Sama'ila 18:1-4 da 23:15-18, 2 Sama'ila 9, Yohanna 15:12-15.

An haifi Walter Gowans a shekara ta 1868. Iyayensa mutanen Sikotilan ne, mazauna birnin Toronto a ƙasar Kanada. Tun yana saurayi Allah ya ɗora masa nawayar ƙasashen da Turawa ke kira Sudan a zamanin nan, wato ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Ya tafi Ingila neman ƙungiyar da za ta aike shi, amma ba wadda ta yarda, gama sun ce ba kuɗi, zazzaɓin ƙasar kuwa yana cin Turawa.

Abin da ƙungiyoyi suka hana shi, abokai suka ba shi. Mahaifiyarsa ta ba wani saurayi mai suna Rowland Bingham labarin ɗanta, shi kuwa ya tashi ya bi shi. Thomas Kent, mutumin Buffalo a Amurka, wanda suka yi makaranta tare da Gowans, shi ma ya bar gida ya zo. Su uku suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893, da ɗan guzuri kaɗan. Wani babban mai wa'azi a can ya gaya musu ba za su ga Sudan da idonsu ba, ko 'ya'yansu ma, sai ko jikokinsu.

Ba da jimawa ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham. Suka shirya ya zauna Ikko ya riƙa aika musu da kaya, Gowans da Kent kuwa suka nufi arewa. Da guzuri ya ƙare, Kent ya juya zuwa bakin teku domin ya kawo wani. Gowans ya ci gaba shi kaɗai, ya faɗa cikin yaƙin masu harin bayi, ya rasa kayansa, ciwo kuma ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, a watan Nuwamba, 1894, yana da shekara 26.

Kent fa? Ya riga ya isa Ikko, inda akwai jirgin komawa gida, ya kuma san wuyar hanya da ƙafarsa. Duk da haka ya ɗaure kaya ya koma wurin abokinsa, kamar yadda Jonatan ya tafi jeji wurin Dawuda domin ya ƙarfafa shi ga Allah. Bai kai ba. Ya rasu a Bida a watan Disamba na wannan shekara.

Bingham ya koma Kanada a 1895, hannu wofi. Ya kai wa tsohuwar nan ɗan abin da ya ragu na kayan ɗanta. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake komo da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar fari a Fategi, bakin Kwara. Har ya rasu a 1942 yana riƙe da aikin da abokansa suka bar masa, kamar yadda Dawuda ya nemi Mefiboshet ya zaunar da shi wurin cin abincinsa saboda Jonatan. Daga wannan aiki ƙungiyar SIM ta tashi, daga cikinta kuma aka kafa ECWA a 1954, wadda ikilisiyoyinta suka kai Kano da Zariya da Potiskum. Makarantar Kent da ke Miyango tana ɗauke da sunan wanda ya koma.

Ya ɗan'uwa, ka lura: alkawarin aboki ba ya ƙarewa ran da guzuri ya ƙare, ko ran da aka binne aboki. Ubangijinmu Yesu ya koya mana ƙaunar da ta fi duka ita ce mutum ya ba da ransa domin abokansa, shi kansa kuwa ya yi haka a kan giciye tun muna masu zunubi. Mai yiwuwa ba za a nemi ranka ba. Amma za a nemi tafiyarka, da hatsinka, da barcinka a gefen marar lafiya.

Tambayoyi

1. Me Jonatan ya rasa saboda Dawuda?
2. Wace hujja Kent yake da ita ta zama a Ikko? Don me bai zauna ba?
3. Wane aboki ne ya rasu ya bar maka iyali ko aiki? Me ka yi musu a wannan wata?