Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti (1891-1955): Malamin Makarantar Da Ya Raini Zuri'ar Kuti

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗan Nijeriya, a Kudu yake ko a Arewa, wanda bai taɓa jin sunan Kuti ba. Sai dai idan an ambaci sunan, kowa da inda hankalinsa yake tafiya. Mai sha'awar kaɗe-kaɗe zai tuna da Fela. Ma'aikacin asibiti zai tuna da Farfesa Olikoye, tsohon ministan lafiya. Masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam su tuna da Dokta Beko, mata 'yan siyasa kuwa su tuna da Funmilayo. Suna ɗaya ne, amma kowa da sana'arsa. Dukkan waɗannan mutane daga gida ɗaya suka fito, kuma maigidan malamin makaranta ne wanda a yau ba a cika jin labarinsa ba, wato Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti. Wannan ɗan rubutu zai kawo taƙaitaccen tarihinsa, domin mai karatu ya ga tushen da waɗancan rassa suka tsiro.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Israel ranar 30 ga Afrilu, 1891 a Abeokuta, birnin Egbawa, waɗanda wani reshe ne na Yarabawa. Garin shi ne hedikwatar Jihar Ogun a yanzu. Kuti sunan kakansa ne na wajen uba. Shi kuwa Ransome sunan Turawa ne da ya shigo gidan a zamanin mahaifinsa, Josiah Jesse Ransome-Kuti, wanda ya rayu daga 1855 zuwa 1930.

Josiah limamin cocin Angalika ne, kuma Allah Ya ba shi murya da basirar waƙa. Ya yi fice wajen tsara waƙoƙin coci da harshen Yarabanci a kan karin sautin gargajiya, maimakon bin na Turawa sau da ƙafa. A shekarar 1922 ya je Landan, inda kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙinsa a faifan garmaho. Saboda haka ne ake lissafa shi a sahun farko na 'yan Nijeriya da aka taɓa ɗaukar muryarsu a faifai. Ke nan Israel ya buɗe ido a gidan da littafi da waƙa suke zaune tare.

Karatunsa

Bayan ya gama firamare, Israel ya tafi Legas ya shiga makarantar sakandare ta mishan ɗin CMS, wadda aka kafa a 1859, kuma ita ce sakandare mafi daɗewa a Nijeriya. A 1908 mabiya ɗarikar Angalika na Abeokuta suka buɗe tasu makarantar, wato Abeokuta Grammar School, sai ya dawo gida. Shi ne ɗalibi na farko da aka rubuta sunansa a rajistar makarantar.

A wancan zamani babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Wanda yake son digiri sai dai ya tafi Ingila, ko kuwa Kwalejin Fourah Bay da ke ƙasar Saliyo, wadda tun 1876 take ba da digiri a ƙarƙashin Jami'ar Durham ta Ingila. Israel ya shiga wannan kwaleji a 1913, ya dawo da digirinsa a 1916 yana da shekara 25. A lokacin, mai irin wannan takarda ƙofar aikin gwamnati a buɗe take gare shi. Shi kuwa ya zaɓi alli da allo, ya kuma bi sawun mahaifinsa ya zama limamin coci.

Aikin Koyarwa

Ya fara koyarwa a tsohuwar makarantarsa ta Abeokuta. Bayan kimanin shekara biyu aka naɗa shi shugaban makarantar sakandare ta Ijebu Ode, wadda aka kafa a 1913. Ya riƙe ta shekara 13. A 1932 ya koma Abeokuta Grammar School a matsayin shugaba, ya zauna a kan wannan kujera har shekara 22, zuwa lokacin da ya yi ritaya a 1954. Ɗalibin farko na makarantar shi ne ya wayi gari yana jan ragamarta.

An san shi da tsananin horo. Bulala ba ta nisa da hannunsa, kuma 'ya'yan cikinsa ba su tsira daga gare ta ba. Amma horon nasa yana da tsari. Marubucin nan Wole Soyinka, wanda ya sami kyautar Nobel a 1986, ya yi karatu a makarantar a zamanin Rabaran, kuma Rabaran ɗin kawun mahaifiyarsa ne. A littafinsa mai suna Aké, wanda ya fito a 1981, ya siffanta shi da laƙabin da aka fi saninsa da shi, wato Daodu. Ya nuna yadda yake zama kamar alƙali ya saurari ɗaliban da aka kama da laifi, ya ba su damar kare kansu, har wanda ya iya kawo hujja mai ƙarfi yakan kuɓuta. Haka kuma shi da kansa yake koyar da darasin kiɗa da waƙa. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yana koyon abu biyu a lokaci guda: bin doka, da kuma tsayawa a gaban mai iko ya faɗi abin da ke bakinsa.

Kafa Ƙungiyar Malamai

Babban aikin da ya fitar da sunan Rabaran daga ƙasar Yarabawa shi ne haɗa kan malamai. A wancan lokaci yawancin makarantun Kudu na mishan ne. Malaman da ke cikinsu albashinsu bai kai na takwarorinsu na makarantun gwamnati ba, ga shi kuma ba su da wani tanadi na kirki idan tsufa ya zo. Kowane malami yana hannun mishan ɗin da ya ɗauke shi, ba shi da inda zai kai kuka. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, gwamnatin mulkin mallaka ta tsuke bakin aljihu, kuma malamai na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu.

Tun a 1926 ya tara shugabannin makarantun ƙasar Ijebu a ƙungiya guda. A Legas ma akwai wata ƙungiyar malamai da aka kafa a 1925 ƙarƙashin Rabaran J. O. Lucas. A watan Yuli na 1931 waɗannan ƙungiyoyi da wasu irinsu suka haɗu a Legas suka kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NUT, aka kuma zaɓi Ransome-Kuti shugabanta na farko. An yi ta sake zaɓensa har 1954, wato shekara 23 yana jagorancinta.

Ya kamata mai karatu ya lura da shekarar. An kafa NUT shekara 13 kafin a kafa jam'iyyar NCNC a 1944. Ke nan tun kafin 'yan siyasa su fara neman haɗa ƙabilun ƙasar nan a inuwa ɗaya, malamai sun riga sun gwada. Shugaban ƙungiyar Bayarabe ne. Sakatarenta da ya daɗe yana riƙe da ita, E. E. Esua, mutumin Kalaba ne. Wanda ya gaji Ransome-Kuti a shugabanci kuwa shi ne Alvan Ikoku, mutumin Arochukwu, wanda hotonsa yake kan takardar naira goma. Ƙungiyar ta dage a kan a daidaita albashi, a kyautata yanayin aiki, a kuma riƙa jin ta bakin malamai idan za a tsara manufofin ilimi. A Arewa, Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman yankin a 1948, kuma a 1972 ƙungiyoyin biyu suka haɗe a Kaduna ƙarƙashin sunan NUT.

Gudummawarsa ga Kafa Jami'a

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti ƙarƙashin Walter Elliot domin ya duba batun ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. 'Yan Afirka uku ne kawai a cikinsa: K. A. Korsah daga ƙasar da ake kira Gana a yau, da E. H. Taylor-Cummings daga Saliyo, sai Ransome-Kuti daga Nijeriya.

Da kwamitin ya miƙa rahoto a 1945, kan 'yan kwamitin ya rabu. 'Yan tsiraru sun ga kwaleji ɗaya a Ibadan ta wadatar da yankin baki ɗaya. Masu rinjaye, ciki har da 'yan Afirkan nan uku, sun nemi Nijeriya ta sami tata, Gana ta sami tata, a kuma inganta Fourah Bay. A ƙarshe, a 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, Gana ma ta buɗe tata a shekarar. Kwalejin Ibadan ita ce ta zama cikakkiyar jami'a a 1962, kuma ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibanta yana ɗauke da sunan Ransome-Kuti. Mutumin da sai da ya ƙetara zuwa Saliyo kafin ya sami digiri ya ga ranar da ɗan Nijeriya zai same shi a gida.

Iyalinsa

A watan Janairun 1925 ya auri Funmilayo Thomas, 'yar Abeokuta, wadda ita ce mace ta farko da aka ɗauka a Abeokuta Grammar School, ta kuma ƙaro ilimi a Ingila. Ita ma malama ce. A harabar makarantar da mijinta yake shugabanta ne ta riƙa tara matan kasuwa ana koya musu karatu da rubutu. Daga wannan zama ne Ƙungiyar Matan Abeokuta ta fito a 1946. Matan sun yi ta zanga-zangar ƙin harajin da aka ɗora musu, har Sarkin Egba, Alake Ademola na Biyu, ya sauka daga gadon sarauta a watan Janairun 1949, kafin ya dawo a 1950. A duk tsawon wannan rikici mijinta yana bayanta, a zamanin da ba kowane namiji ne zai yarda matarsa ta ja da sarki da Turawa ba. Labarin Funmilayo ya kai Arewa, har Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta tashi daga Zariya ta je Abeokuta domin ganawa da ita.

Sun haifi 'ya'ya huɗu: Dolupo a 1926, Olikoye a 1927, Fela a 1938, sai Beko a 1940.

Rasuwarsa

Rabaran bai daɗe da ajiye aiki ba ciwon daji ya kwantar da shi. Ya rasu a Abeokuta ranar 6 ga Afrilu, 1955, yana da shekara 63. Bai ga 'yancin kan Nijeriya ba, bai kuma ga shaharar 'ya'yansa ba, domin a ranar da ya rasu Fela yana da shekara 16, Beko kuma 14.

Abin da Sunan Ya Zama a Bayansa

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dolupo ta zama ma'aikaciyar jinya. Olikoye ya zama likitan yara kuma farfesa a Jami'ar Legas, sannan ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992 a gwamnatin Janar Babangida. A zamaninsa aka ba da ƙarfi ga ƙananan asibitocin karkara da allurar rigakafin yara da amfani da ruwan gishiri da sukari wajen maganin gudawa. Beko ma likita ne, amma an fi saninsa da adawa da mulkin soja. Gwamnatin Janar Abacha ta ɗaure shi a 1995, bai fito ba sai a 1998.

Fela kuwa ya gaji kakansa a fagen waƙa. Ya tafi Landan a 1958 ya karanci kiɗa, daga baya ya ƙirƙiro salon Afrobeat, ya mai da shi makamin sukar masu mulki. A 1975 ya jefar da sunan Ransome, yana ganin tambarin bauta ne, ya ɗauki Anikulapo, ma'ana wanda ya sa mutuwa a jakarsa. Mahaifiyarsa ta bi shi a kan haka, amma Olikoye da Beko suka riƙe sunan mahaifinsu. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka afka wa gidan Fela da ke Legas suka ƙone shi, suka jefo Funmilayo ta taga. Ba ta murmure ba har ta rasu a watan Afrilun 1978. Da Fela ya rasu a watan Agustan 1997, Olikoye ne ya fito gaban 'yan jarida ya bayyana cewa cutar ƙanjamau ce ajalin ƙanensa, a lokacin da iyalai suke ɓoye irin wannan magana. Olikoye ya rasu a 2003, Beko a 2006. 'Ya'yan Fela, Femi da Seun, suka ci gaba da kiɗan mahaifinsu.

Kammalawa

Idan aka dubi wannan gida za a ga limami da malami da likita da mawaƙi da 'yar siyasa. Sun sha bamban a sana'a, wani lokaci har da ra'ayi, domin ɗaya ya yi minista a gwamnatin soja yayin da ƙannensa biyu suke yaƙar mulkin soja. Amma akwai halin da ya ratsa su duka, wato riƙo da ilimi da rashin tsoron faɗin gaskiya a gaban mai iko, kuma a gidan shugaban makarantar Abeokuta suka koye shi. Da yawa daga cikinmu ɗaliban Hausa aji ne zai karɓe mu bayan mun kammala. Idan muka shiga ƙungiyar malamai, ko muka karɓi digiri a wata jami'a ta ƙasar nan, ya dace mu san cewa akwai hannun Rabaran Ransome-Kuti a cikin abubuwan biyu.