Muhammadu Al-Katsinawi, malamin lissafin da ya rasu a baƙunci

Ina yawan jin samarinmu na Sabon Ibadan da Agege suna cewa lissafin kwamfuta sai Bature. Shi ya sa yau na ɗauko tarihin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi.

A ƙasar Katsina ya tashi, ya yi karatu, ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira. Kamar mu, zaman baƙunci ya yi. A gidan Shehu Hasan Al-Jabarti ya sauka, mahaifin masanin tarihin nan Abdurrahman, nan kuma Allah Ya karɓi ransa a 1741.

A 1732 ya rubuta littafi kan ƙa'idojin tsara hatimi mai layukan mara. Mafi ƙanƙanta gida tara ne: a jera 1 zuwa 9, ta ko'ina ka haɗa 15 za ka samu.

To, ina ruwan kwamfuta? A hisabin da malam ya ƙware a kai, kowane harafi da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3. Kwamfuta ma haka take. A wurinta harafin A 65 ne, tana ajiye shi da sifili da ɗaya, 1000001. Don haka dole mai rubuta manhaja ya faɗa mata wannan adadi ne, wancan rubutu. In ya sake, ya ba ta 5 da 5 a matsayin rubutu, 55 za ta miƙo masa, ba 10 ba.

Jama'a, mu tura yaranmu su koya, gadon gida ne. Allah Ya jiƙan malam.